Takardar muhalli ta aikin haƙar ma'adinai: yadda za ka hana dosiyenka kwana a hanya

Sana'ata rubuta rahoton muhalli ce ga masu son buɗe kariyar, wato wurin fasa dutse, ko ƙaramar mahaƙa. Yawancin aikina a nan jihar Tawa na yi shi, tsakanin Malbaza, Madawa, Buza da Keita, inda ƙasa ke ɗauke da dutsen siminti da jips. Masu kuɗin da ke sallama a birona tambayarsu ɗaya ce: "Malam, wata nawa takardar nan za ta ci?" Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba. Nakan ce, Alhaji, ya danganta da watan da ka soma, da kuma abin da ka kammala a ƙauye kafin ka taka ƙofar ma'aikata. Kowa ya iya zagin ma'aikatan gwamnati da jan ƙafa, kuma ban ce ba a jan ƙafar ba. Amma a abin da idona ya gani, kaso mafi tsoka na jinkirin mai aikin ne ke ƙulla shi da hannunsa tun a daji, sai dai a Yamai ne yake fitowa fili.

Mu soma da lissafi, tunda shi mai jari ya fi ji. A ce ka ci bashin banki na sefa miliyan 500, da ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara. Duk watan da ya wuce ba ka sayar da ko tifa ɗaya ta dutse ba, ruwan kuɗin kaɗai ya haura miliyan 4. Wata 6 ke nan miliyan 25 sun tafi, ba a sa albashin masu gadi ba, ba a sa hayar katafilar da ke tsaye rana na dukanta ba, balle injiniyan da ka ɗauko daga waje ka ajiye a otal yana cin abinci yana kallon talabijin. Abokin jarinka na Dubai ko na Kano kuwa ba ruwansa da bayanin da za ka yi masa. Shi dai ya ga shekara ta zagayo babu ko kwabo, sai ya kwashe kuɗinsa ya kai inda za su motsa. Haka ayyuka da yawa ke mutuwa, ba don an hana su takarda ba, don dai an gaji da jira.

Sai kuma wa'adin permi, wato izinin haƙar ma'adinai. Ma'aikatar ma'adinai ce ke ba da permi, a ƙarƙashin dokar ma'adinai mai lamba 2022-033 ta watan Yuli 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1993. Takardar muhalli kuma daga wata ma'aikatar take fitowa. Kwanakin permi ba sa tsayawa don kana jiran takardar muhalli. Dubi Imuraren, a jihar Agadas: Areva, kamfanin Faransa, ta samu permin haƙar yuraniyom a can a 2009, farashi ya faɗi bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan na 2011, aka jingine aikin, sai ga shi a watan Yuni 2024 gwamnati ta karɓe permin daga hannun Orano, wato Areva ɗin da ta sauya suna. Wata guda bayan haka aka karɓe na kamfanin GoviEx a Madawela, ta kusa da Arlit, kada a haɗa ta da Madawarmu. Waɗannan ba takardar muhalli ta riƙe su ba, dalilansu daban ne. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, gwamnati ba ta da haƙuri yanzu da permin da ke barci, kuma in naka ya yi barci, ba lalle a tsaya sauraron wanda ya jawo ba.

Hanyar da dosiye ke bi

Dokar da ke tafiyar da aikin ita ce mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018, tare da dokar zartarwarta mai lamba 2019-027 ta 11 ga Janairu 2019. Tushensu yana cikin babbar dokar muhalli ta 98-56, ta Disamba 1998. Hukumar da ke duba dosiye ita ce BNEE, wadda tsofaffin ma'aikata har yau bakinsu ya fi sabawa da tsohon sunanta, BEEEI. Ministan muhalli ne ke sa hannu a takardar ƙarshe.

Za ka fara da kai sanarwar aiki: wane ne kai, me za ka haƙa, a ina, faɗin wurin nawa, da wane irin inji. Daga nan hukuma ta sa aikinka a aji. Ajin A na manyan ayyuka ne masu buƙatar cikakken bincike, B na waɗanda taƙaitaccen bincike ya ishe su, C sharuɗɗa kawai ake gindaya musu, D kuwa ba a neman komai. Bayan haka a rubuta sharuɗɗan binciken, waɗanda muke ce wa TDR, hukuma ta amince da su. Sannan a yi binciken, a kai rahoto, hukuma ta tura ma'aikatanta su je su ga wurin da idonsu su kuma ji ta bakin mutane, a kira taron kwamitin da zai tantance rahoton, a ba ka gyare-gyare, ka gyara, sannan takarda ta fito tare da kundin sharuɗɗan da za ka sa wa hannu. Kuɗin duk wannan, har da na tafiyar ma'aikata da na taron kwamiti, a wuyan mai aiki yake.

A sanarwar farko akwai wayon da nake roƙon ka guje masa. Wasu sukan rage girman aikin a takarda don a jefa su ajin B, ko su raba wuri ɗaya gida uku da sunaye daban-daban. Ranar da ma'aikata suka iso suka ga an shata hekta ninkin abin da aka rubuta, ko suka ga tulin nakiyar da ba a ambata ba, sai a mayar da kai farko. Ka faɗi gaskiyar girman aikin, har da abin da kake niyyar ƙarawa nan da shekara biyar.

Kuma ka zauna da kanka, ba yaronka ba, ka jera takardunka a tabarma: rajistar kamfani, lambar haraji, takardar ma'aikatar ma'adinai, sanarwar muhalli. Sunan kamfanin ya zama iri ɗaya harafi da harafi. Lambobin GPS na kusurwoyin filin su zama iri ɗaya a ko'ina. Na ga dosiyen da lamba ɗaya tak ta sauya a wurin bugawa, filin ya tashi daga kan dutse ya faɗa tsakiyar gonakin wani gari. Gyaran wannan ƴar lambar sai da ya bi ta ma'aikatu biyu.

Damina, kaka da ƴan ci-rani

Nan ne zan daɗe, don nan ne ake asarar shekara sukutum.

Binciken muhalli yana farawa ne da bayanin yadda wurin yake kafin ka taɓa shi. To, ƙasar Adar fuska biyu gare ta. Ka hau tudun Buza ko na Keita a watan Maris, ba za ka ga komai ba sai baƙin dutse da fako da ƴan sabara. Mai jari ya duba ya ce, "Ai nan ko akuya ba ta kiwo." Ka dawo a watan Agusta ka tsaya a wurin nan bayan an ɗauke ruwa. Za ka ga ruwa na gangarowa ta ƙoramu uku ko huɗu da ba ka lura da su ba da rani, yana sauka fadama, inda mutane ke dashen albasa da tumatir bayan damina. Kwarin Majiya da fadamun Keita da irin wannan ruwan suke rayuwa. Tun 1984 aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa a Keita, mata suka yi ta ɗaukar dutse a ka suna jera shi don tare ruwa da zaizaya. Wanda zai zo ya fasa tudun da ke saman wannan wahalar, dole a tambaye shi inda ruwan zai bi. In rahotonka da rani kaɗai aka yi shi, ba ka da amsa. Kwamiti ya ce a kawo bayanin damina, kai kuma kana watan Nuwamba. Sai ka zauna jiran Agusta mai zuwa, kuma babu ministan da zai iya matso maka da ita.

Rani ma yana da nasa aikin. A watan Afrilu da Mayu ne ruwan rijiyoyi ke kaiwa ƙarshen ja da baya, don haka lokacin ne ake auna zurfinsu a ɗebi ruwan a kai gwaji. Wannan awon kariya ce gare ka. Shekara biyu bayan ka fara aiki, wani zai ce rijiyar garinsu ta ƙafe saboda rijiyar burtsatsenka, ko ruwan ya sauya ɗanɗano. In kana da awon farko, da sa hannun hakimi a kai, akwai abin da za a zauna a duba. In babu, maganarsa ce a kan taka, kuma shi ɗan gari ne.

Sai makiyaya. Da faɗuwar damina garken Fulani da na Buzaye sukan yi arewa, wajen Abalak da Cintabaraden har Ingal, ba su gangarowa sai an gama girbi hukuma ta sanar da sakin gonaki. Wanda ya je wurin sau ɗaya zai iya rantsuwa babu dabba a yankin, alhali burtali ne ya ratsa ta tsakiyar filinsa. Dokar makiyaya mai lamba 2010-29 ta watan Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, kuma burtali da mashaya da wurin kiwo ba na wani mutum ɗaya ba ne da zai sayar maka. Ka nemi arɗo ko shugaban rugga, ka nemi tambarin Buzaye in akwai, ka tambaye su ta ina suke bi, a wane wata, ina suke shayarwa. Sau da yawa matsar da shinge ƴan mitoci kaɗan ya isa, in dai an yi shi a takarda kafin a kafa ƙarfe.

Abu na uku, wanda baƙo ba ya sani: mazan Adar ƴan ci-rani ne. Ana gama girbi motoci ke cika zuwa Abijan, Najeriya, Libiya, Aljeriya, wasu kuma wuraren zinariya na Jado da Cibarkaten tun da aka gano su a 2014. Ka kira taro a watan Fabrairu, za ka tarar da tsofaffi da mata da yara, masu gonakin kuwa suna nesa. A sa hannu a takarda, ka tafi da murna. Da bazara su dawo shuka su ce ba da su aka yi ba, kuma gaskiyarsu. Lokacin kama masu gona ɗan taƙi ne: daga girbi zuwa tafiyarsu, ko daga dawowarsu zuwa saukar ruwan shuka. In wani magaji ya yi shekaru bai dawo ba, a kira shi ta WhatsApp a gaban hakimi da ƴan'uwansa, ya faɗi wanda ya wakilta, a rubuta.

In ka haɗa waɗannan duka, tsarin da nake ba mutane shi ne: ka kai sanarwa da hunturu, ka yi ƙoƙari a amince da TDR kafin zafi ya kankama, a yi zagayen farko da awon rijiyoyi a Afrilu ko Mayu, zagaye na biyu a Agusta, manyan tarukan gari bayan girbi, rahoto ya shiga kafin ƙarshen shekara. Mai jari yakan ce wannan ai shekara guda ce. E, shekara guda ce. Wanda ya ƙi ta yakan biya biyu.

Ƙasa da masu ita

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, amma saman yana da masu shi, kuma permi ba ya share haƙƙinsu. Tun dokar tsarin karkara mai lamba 93-015 ta Maris 1993 aka kafa kwamitocin filaye, Cofo, daga matakin gari zuwa na komin da na gunduma. Su ke ba da takardar shaidar mallakar gado, ta saye, ta haya, ta aro, ta jingina. Kada ka biya kowa ko dala kafin Cofo ta fita ta ga gonar, maƙwabta na tsaye. A ƙasarmu gona ɗaya tana iya zama ta magada goma, mai nomanta kuma wani ne daban da aka ba aro tun zamanin kakansa. In ka biya babban wa kaɗai, ka sayi rigima. Mai aro ma yana da amfanin gona da itatuwan da zai rasa, a lissafa da shi. Gawo, aduwa, magarya, bagaruwa, duk a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya tare da ma'aikatan gandun daji, don sare itace yana da nasa izini da nasa kuɗi. In aikin zai tayar da gidaje ko ya cinye gonaki da yawa, za a nemi ka kawo tsarin sake matsuguni da biyan diyya daban, kuma wannan kundi ne mai zaman kansa, ba shafi biyu a ƙarshen rahoto ba.

Gaisuwa tana da tsari, kuma tsallake shi yana da tsada. Ka fara da gwamna da perefe, ka je wurin magajin gari ko kantoman da ke riƙe da komin, sannan fadar sarki, sannan hakimi. A fada ka cire takalmi ka zauna ƙasa, ka ce "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka," ko da permin yana aljihunka. Ka je da kanka. Sarakuna suna gane bambancin mai aiki da ɗan aike.

Taron gari kuma kada a yi shi ranar kasuwa, ko lokacin noma, ko da la'asar cikin azumi. A yi shi da Hausa, da Tamashek ko Fulatanci inda ake buƙata, ba da Faransanci ana fassara rabi ba. Mata a zauna da su daban, kuma mace ta jagoranci zaman. A wani gari da ke gindin tudu, maza sun yi ta magana a kan aikin yi da diyya har aka tashi, kowa ya dangwala yatsa. Da abokiyar aikina ta zauna da mata a gidan hakimi, wata dattijuwa tana tsinke zogale a faranti, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ɗiyata, hanyar da kuka ce manyan motoci za su bi, ita ce hanyar rijiya. Da asuba yara ke bin ta da jakuna." Muka koma taswira, muka ga gaskiya ne. Aka karkatar da hanyar ta bayan gari. Da sai ranar da ma'aikatan hukuma suka zo wannan maganar ta fito, da rahoton ya dawo hannunmu. A wannan zaman ne kuma ake jin inda tsohuwar maƙabarta take, da dutsen da ba a taɓawa, abubuwan da ba su cikin kowace taswira.

Kowane zama a rubuta abin da aka faɗa, har da ƙorafi, a haɗa da sunayen mahalarta da sa hannu da hotuna. Rahoton da ya ce duk gari sun yi murna babu mai ƙorafi, ni kaina ba na yarda da shi, balle kwamiti. Kuma kada ka yi alkawarin da ba za ka iya cikawa ba. Ka ce za ka gina asibiti don a tafa maka, sai a rubuta shi cikin kundin sharuɗɗa, ya zama bashi. Kada ka ɗauka wannan matsalar ƙananan ayyuka ce kawai. A ƙasar Sabiya ta Turai, kamfanin ma'adinai na Rio Tinto da duk ƙarfinsa sai da gwamnati ta soke masa izinin aikin mahaƙar Jadar a Janairu 2022 bayan mutane sun fito zanga-zanga.

Wanda zai rubuta maka, da abin da zai rubuta

Ka nemi ofishin bincike da hukuma ta san da shi, ka ce ya nuna maka rahotannin da ya yi waɗanda suka samu takarda, ka kira masu ayyukan ka ji. Ka tambaye shi wa zai je daji, sau nawa, a wane wata. Wanda ya ce zai gama maka cikakken bincike cikin mako biyu da rabin kuɗin kowa, kwafe zai yi. An taɓa kawo mini wani rahoto in duba, na kariyar a tsakiyar duwatsun Adar, sai ga shi a babin dabbobi ana maganar dorinar ruwa da masunta. Daga rahoton wani aiki na bakin kogin Isa aka kwaso shi, ko sunan garin ba a gama sauyawa ba. Ƴan kwamiti sun karanta ɗaruruwan irinsa, shafi uku ya ishe su ganewa. Ka raba biyan kuɗin kashi-kashi, kaso na ƙarshe sai takarda ta fito.

Abin da kwamiti ya fi tsayawa a kai a aikin dutse sananne ne. Ƙura: ta ina iskar hunturu ke kaɗawa, wane gari ne a bakinta, da wane ruwa za ka riƙa yayyafa wa hanya. Nakiya: nisan gidaje, lokacin fasawa, yadda za a sanar da mutane, inda za a ajiye ta, da hoton bangon gidajen kusa kafin a fara, don ginin laka ba ya jure girgiza. Ruwa: lita nawa a rana, daga ina, da izinin haƙa rijiyar, wanda dokar ruwa ta 2010 ta tanada daban. Manyan motoci da makarantun da ke bakin hanya. Lafiyar leburori. In zinariya ce, za a ƙara da zaiba da gubar siyanur da ƙarfin ramuka. Ba a manta da ruftawar ramin Ɗan Isa a jihar Maraɗi a Nuwamba 2021 ba, inda aƙalla mutum 18 suka rasu. Kowane mataki a tsarin kula da muhalli ya zo da kuɗinsa, da mai yin sa, da lokacinsa. "Za a ɗauki matakan da suka dace" ba amsa ba ce.

Babin rufe mahaƙa shi ne wanda masu jari suka fi raina wa, wai ba a fara ba ana zancen gamawa. Amma ƙasar nan ta ga abin da ya isa. Mahaƙar yuraniyom ta COMINAK ta yi aiki a Akuta, kusa da Arlit, daga 1978 har aka rufe ta ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tulin dusar yuraniyom kimanin tan miliyan 20 da sai an rufe shi. Duk ma'aikacin muhallin Nijar yana da wannan a ransa lokacin da yake karanta rahotonka, ko da kai tsakuwa kawai za ka fasa. Ka faɗi yadda za ka ajiye ƙasar sama gefe guda, yadda za ka cike ramin ko ka kwantar da bakinsa, abin da za ka dasa, da inda kuɗin zai fito. Ramin kariyar da aka bari yakan cika da ruwa da damina, yara su je wanka.

In kuɗinka daga babban banki zai fito, ka tambaye su tun farko da wane ma'auni suke aiki. Da yawa suna bin ƙa'idoji 8 na IFC, reshen Bankin Duniya, na shekarar 2012. Suna da tsauri a kan diyya da sauraron ƙorafi. Ka yi bincike ɗaya da zai gamsar da hukuma da banki tare, maimakon ka samu takardar gwamnati sannan banki ya ce a sake.

Bayan dosiye ya shiga

Yamai ta fi kilomita 500 daga Tawa, kuma dosiye ba ya bin kansa. Duk takardar da ka kai, ka karɓi shaidar karɓa mai hatimi da kwanan wata, ka ajiye kwafi. Ka sa mutum ɗaya tak mai bin maganar, wanda ya karanta rahoton, ba mutum uku kowa na faɗin nasa ba. Ka fara sanar da ofishin muhalli na jiha, don da su za a fita daji. Kuɗin tafiyar ma'aikata da na taron kwamiti ka ware su tun ranar farko. Na ga an tsayar da rana, mai aiki ya ce a jira ya sayar da kaya, ranar ta wuce, samun wata kuma sai da aka sake haɗa mutane daga ma'aikatu da yawa. In wurin yana arewa, wajen Tiliya da Tasara inda aka kafa dokar ta-ɓaci a 2017, ko kuma kana da Turawa ko ƴan Sin cikin tawagar, ka sa lokacin neman rakiyar sojoji cikin lissafi.

Maganar goro: ban ba ka shawara ba. Dosiyen da ya saba tafiya da goro ba ya sake motsi sai da shi, kuma takardar da aka samu a kan rahoto maras ƙwari ba ta kare ka ranar da gari ya tashi. Bin sawu cikin ladabi, da wasiƙar tuni mai ɗauke da lambar shaidar karɓa, sun fi amfani fiye da yadda mutane ke zato.

Ranar taron kwamiti ka halarta da kanka. Za a yi tambayoyin da mai rubutu ba zai iya ɗaukar alkawarinsu a madadinka ba. Kada ka yi musu a kan kowace magana. In an ba ku gyare-gyare, ku zana jadawali: ga abin da aka ce, ga abin da muka yi, ga shafin. Ku mayar cikin kwanaki kaɗan, tun waɗanda suka karanta ba su manta ba. Nan ma ana asarar watanni, don mai rubutu ya karɓi kuɗinsa ya kama wani aikin.

Kafin takarda ta fito, kada katafila ta taɓa ƙasa. Share fili "don a rage aiki" laifi ne, yana jawo tara da dakatarwa, yana kuma ɓata bayanin farko da aka gina rahoton a kai. Akwai abin yi da yawa da ba ya buƙatar haƙa: kammala takardun Cofo, neman izinin ruwa da na nakiya, zaɓen samarin gari da za a koya wa aiki, daidaitawa da masu sayen dutsen. Manyan injuna kuma, tun da aka rufe iyakar Benin bayan Yuli 2023 kaya suka koma bin Lome da Burkina cikin ayari, tafiyar ta ƙara tsawo da tsada. Ka daidaita da mai sayarwa a kan cewa babban biya sai takarda ta fito, in ya yarda, ko da zai ɗan ƙara maka farashi.

Takardar in ta fito, tana tafe da kundin sharuɗɗa, kuma hukuma za ta riƙa zuwa duba ko kana cikawa, kai ma za ka riƙa aika rahoto lokaci-lokaci. Ka ɗauki ma'aikaci ɗaya wanda wannan ne aikinsa, ka buɗe littafin ƙorafi a wurin hakimi, wani kuma a ƙofar kariyar. In daga baya ka so faɗaɗa filin, ko ƙara injin niƙa, ko sauya hanyar motoci, ka rubuta wa hukuma kafin ka yi, don takardar da ke hannunka ta aikin da ka bayyana ce kaɗai.